Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Daga Iyayen Yara Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani. Mu talakawanka ne, iyayen yara masu farfaɗiya da masu shanyewar jiki a gundumarka, mun kawo kuka wurin uba.

Makon jiya farfaɗiya ta kama wata 'yarmu a aji. Yara suka watse da gudu, wai kada yawunta ya taɓa su. Wani babba ya danna mata cokali a baki har haƙori ya karye. Da ta farfaɗo, sai aka ba yayarta saƙo gida: kada ta sake zuwa sai ta warke. Ranka ya daɗe, yaushe aka fara korar yaro daga karatu saboda jarabawar da Allah ya ɗora masa? Likitoci sun sha gaya mana ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa. A kwantar da mutum ta gefe, a nisanta shi da wuta, kada a sa komai a bakinsa, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Shi ke nan. Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a 2019 kuma tana nan.

Mun je wajen mai unguwa, mun je wajen kansila, mun rubuta wa ƙaramar hukuma. Kullum a dawo gobe, ana dubawa.

Allah ya taimake ka, iyaye mata sun gaji. Uwa na goye da ɗan shekara takwas da bai iya zama ba, ta ajiye sana'arta, tana ɗura masa kunu kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Gashin ƙashi sai birni, ga kuɗin mota. Maganin farfaɗiya kuwa ba a yanke shi. Da ya ƙare ciwo ya dawo. Duk da haka dangi su ce mata ɗan ruwa ta haifa, wasu matan har an sake su, alhali doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ne ke jawo da yawa daga cikin wannan lalura.

Muna roƙon arziki ka sa baki a mayar da yarinyar nan makaranta, a kuma ja kunnen malamai. Ka tara dagatai da masu unguwanni, limamai su yi huɗuba a kan lamarin. Ka yi mana magana da shugaban ƙaramar hukuma a riƙa ajiye maganin a asibitinmu, a turo ma'aikacin gashin ƙashi ko da sau ɗaya ne a mako. Masu rabon zakka su tuna da mu wajen keken guragu. Maganin nan dai, ranka ya daɗe, maganin nan.

Muna kuma neman iso, a sa mana rana mu kawo yaran fada ka gan su da idonka.

Allah ya ja kwana.

Talakawanka,
Iyayen yara masu lalurar ƙwaƙwalwa na wannan gunduma