Kaset ɗinmu na nan, abin kunnawa ne babu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ranar Asabar ina shago ina sauraron shirinku, sai na ji mai gabatarwa ya tambayi wani matashi ko ya san abin da ya haɗa biro da kaset. Yaron ya yi ta kame-kame, aka yi ta dariya. Ni ma na dara. Amma da na koma gida sai na jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, kuma abin da ke cikinsa ne ya sa na rubuto muku.

Ni haifaffen Aboabo ne a nan Kumasi. Na fara ganin Walkman, ɗan abin kunna kaset na sawa a kunne, a 1983, shekarar da aka koro mutanenmu daga Nijeriya, ga fari, ga gobarar daji, ga yunwa. Yayana ya dawo daga Ikko da jakar nan mai ratsi-ratsi, aljihu wayam, amma can ƙasan jakar akwai wannan ɗan akwati naɗe cikin tsohuwar riga. Kamfanin Sony ya fito da shi tun 1979, mu dai sai a lokacin ya iso hannunmu. Inna ta ce a sayar a sayo masara. Yaya ya ce sai dai a sayar da shi kansa a bar abin.

Don mutum ya ji kiɗansa shi kaɗai aka ƙera shi, amma a zango wa zai bar ka? Mu bakwai muke jeruwa a benci bayan isha'i, kowa waƙa ɗaya ya cire ya miƙa. In ka yi daɗin baki, a bar maka shi ka je kasuwar Kejetia ka dawo, yana maƙale a ƙugu, kana tafe kana rangaji kamar ɗan sarki.

Batir shi ne ciwon kanmu. In ya fara sanyi, sai ka ji muryar mawaƙi tana ja kamar mai gyangyaɗi. Mu cire, mu shanya a rana, wani har ya ɗan ciza, wai ko ya farfaɗo. Mayar da waƙa baya da batir kuwa laifi ne babba, a nan biron ke shigowa: ka zura shi a ramin kaset ka yi ta juyawa a iska. Ran da na'urar ta tauna zare, sai a zauna a jawo shi a hankali, a yanke inda ya cukurkuɗe, a liƙe da janfarcen yayarmu. Akwai wata waƙar kalangu da muka yi wa irin wannan ɗinkin, kalma biyu suka ɓace a tsakiyarta. Har yau in na ji ta a waya, kunnena na jiran wurin da za ta yi tsalle, in ba ta yi ba sai in ji kamar ba ita ba ce.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa suna wucewa. Faifan CD ya zo, kyakkyawa da shi, amma motar haya ta trotro na faɗawa rami zai sarƙe. iPod ya fito a 2001 da waƙa dubu a cikinsa, mu dai a hannun 'yan boga, waɗanda suka dawo daga ƙasar waje, muka gan shi. Wayar China mai ƙara kamar lasifikar masallaci ce ta gama da kaset a unguwarmu: ka kai memori Adum, a cika maka shi kafin ka sha ruwa.

Ba zan yi ƙarya ba, Malam Edita, na yanzu ya fi sauƙi. Tafsirin da a da sai mun jira direban da ya je Kano ya kawo, yau ina jin sa daga kan tabarmata. Jikana ma ba na ganin laifinsa in ya toshe kunne da fararen abubuwan nan, duk da sai na taɓa kafaɗarsa yake amsa sallama. Sai dai bara memorina ya mutu dare ɗaya, da duk abin da na tara a ciki. Na kai wa mai gyara, ya juya shi ya miƙo mini. Wannan babu inda za ka sa masa janfarce.

To, akwatin da na ce. Kaset ne sun fi arba'in: kiɗan bikin yayarmu, wa'azi, maulidin unguwa. Ɗaya daga ciki kuwa wasiƙa ce. Inna ba ta rubutu, don haka da Yaya ya sake fita neman kuɗi, sai ta zauna gaban rikoda ta yi masa magana ta cika fuska guda ta C60, minti talatin cur, aka ba wani mai tafiya ya kai. Inna da Yaya duka biyun sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na zaga Kejetia da Adum da tsohon Walkman ɗin, wani ya buɗe ya ce robar da ke juya shi ta narke, ya ƙara da cewa, "Baba, wannan ai sai gidan tarihi."

Roƙona ke nan. Gidan rediyo ba ya rasa tsohuwar na'urar kaset a ɗakin ajiya. Ku ware rana guda a wata, mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zongo su kawo nasu a juye musu cikin waya, wanda mai shi ya yarda kuma ku sa mana a shiri. A hanzarta, don damshin Kumasi ba ya raga wa zare, wasu nawa har sun fara fumfuna. Na Inna dai na ware shi cikin leda. A jikinsa akwai rubutun Yaya da jan biro: "Kada a goge."

Naku mai sauraro,
daga Aboabo, Kumasi