A riƙa bambance raɗe-raɗi da sanarwa kan katunan hoto masu zuwa

Assalamu alaikum, Edita.

Ina cikin masu bibiyar shafinku na kimiyya da fasaha, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake kawo mana labaran katunan sarrafa hoto na kwamfuta masu matsakaicin aji waɗanda ba su riga sun fito ba. Kusan kowane mako sai a ji cewa kamfanin Nvidia ko AMD ko Intel na dab da fitar da sabon kati mai ƙarfi kaza da ma'adana kaza, alhali idan aka bi sawun labarin sai a tarar ya samo asali ne daga wani asusu a dandalin X da ba a san mai shi ba, ko daga hoton kwali da babu mai iya tabbatar da sahihancinsa. Ban ce a daina kawo irin waɗannan labarai ba, domin wasu daga cikinsu sukan tabbata. Roƙona shi ne a riƙa faɗa wa mai karatu ƙarara wane ne raɗe-raɗi, wane ne kamfani ya sanar da bakinsa.

Ko sanarwar kamfani ma takan sauya. A shekarar 2022 Nvidia ta gabatar da RTX 4080 mai gigabait 12, sannan a watan Oktoba ta janye shi bayan ƙorafin jama'a cewa sunan bai dace da ƙarfinsa ba, sai a watan Janairun 2023 ya dawo da sunan RTX 4070 Ti. Idan abin da aka faɗa a kan dandamali zai iya juyawa cikin 'yan makonni, ina ga abin da aka tsinta a bakin hanya? Haka kuma a taron baje kolin kayan fasaha na CES na Janairun 2025 a Las Vegas, shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya ce RTX 5070 mai matsakaicin aji zai yi aikin babban kati RTX 4090, amma da katin ya isa hannun masu gwaji masu zaman kansu sai ta bayyana cewa maganar ta dogara ne kan fasahar DLSS 4, wadda ke ƙago ƙarin hotuna tsakanin waɗanda katin ya zana da kansa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma nake ganin ya kamata marubutanku su fi tsayawa a kai, shi ne girman ma'adanar katin, wadda masu harkar ke kira VRAM. RTX 3060 na Nvidia da ya fito a 2021 ya zo da gigabait 12, kuma ya daɗe yana kan gaba a ƙididdigar da Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ke yi ta kayan aikin masu wasannin kwamfuta. Magajinsa RTX 4060 na 2023 ya sauko zuwa gigabait 8, RTX 5060 na 2025 ma bai haura hakan ba. AMD ta fitar da RX 9060 XT kashi biyu, mai 8 da mai 16, kamar yadda Nvidia ta yi da RTX 5060 Ti, wato suna ɗaya amma kaya biyu, lamarin da ke rikita mai saye da bai san sirrin abin ba. Intel kuwa ta sa gigabait 12 a Arc B580 tun Disambar 2024. Idan ma'adana ta cika, wasa yakan riƙa sarƙewa, fuskar bango da ta tufafi ta dushe, kuma saurin injin katin ba ya magance wannan. Masu haɗa bidiyo da masu gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutocinsu sun fi kowa sanin zafin hakan.

Akwai lissafi mai sauƙi da mai karatu zai iya auna kowace ji-ta-ji-ta da shi, kuma zan so ku bayyana shi ko da sau ɗaya ne. Kowane guntun ma'adana yana cin bit 32 na faɗin hanyar da bayanai ke bi zuwa injin katin, wanda ake aunawa da bit. Kati mai hanya bit 128 yana ɗaukar guntu huɗu, saboda haka da guntaye masu gigabait 2 zai tashi da 8, ko 16 idan aka lika su gaba da bayan allon. Mai bit 192 yana ɗaukar shida, ya tashi da 12. Yanzu da ake ƙera guntayen sabon nau'in ma'adana na GDDR7 masu gigabait 3, wannan lissafi ya ba da 12 ga mai guntu huɗu da 18 ga mai shida, kuma daga nan ne raɗe-raɗin ingantattun katunan Nvidia da ake wa laƙabi da Super ke samun gindin zama. Sai dai yiwuwar abu daban, aikata shi daban. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar wannan ma'adana, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma cibiyoyin bayanai na ƙirƙirarriyar basira suna neman kayansu ruwa a jallo, abin da zai iya jinkirta kowane shiri da aka yi wa mai saye na gida.

Na san mutanen da suka shafe watanni suna jiran katin da ba a ma tabbatar da sunansa ba, aikinsu na tsaye, saboda sun karanta cewa ya kusa fitowa. Don haka ina roƙon ku sa wa kowane irin wannan labari alamar asalinsa, ku faɗi girman ma'adana da faɗin hanya tare da sunan kati, ku kuma jira sakamakon masu gwaji kafin ku kira wani kati gwarzo.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Mai karatu na kullum