Wa zai karanta mana abin da Jamusawa suka rubuta a kanmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in jawo hankalin shugabannin jami'o'inmu da hukumomin da ke ɗaukar nauyin karatu a kan wani fanni da ba a cika ambatonsa ba, wato karatun digiri na biyu da na uku a harshen Jamusanci da adabinsa. Duk lokacin da aka yi zancen tura ɗalibai Jamus, hankalin kowa yakan tafi ga aikin likita da injiniya, kuma babu laifi a hakan. Sai dai a ganina Arewa tana da wata buƙata ta daban, domin wani kaso mai yawa na tarihinta da adabinta yana rubuce cikin Jamusanci, kuma waɗanda za su iya karanta shi a cikinmu ba su taka kara sun karya ba.

Kusan kowane ɗalibin tarihi ya san Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma bayyana kasuwarta da marinanta dalla-dalla. Mun san shi ne saboda littafin tafiyarsa ya fito da Ingilishi a daidai lokacin da ya fito da Jamusanci. Waɗanda suka biyo bayansa yawancinsu ba su sami wannan gata ba. Eduard Flegel, wanda ya bi kogin Binuwai har Adamawa, ya tafi Jamus a 1884 tare da madugai biyu Hausawa, ya kuma wallafa labarin da suka ba shi da Jamusanci. Gottlob Adolf Krause, wanda fatake suka sani da Malam Musa, ya zauna a Salaga da kewayenta yana tattara rubuce-rubucen ajami da aka kai Berlin. Mafi muhimmanci a wurina shi ne abin da ya gudana a Kete-Krachi, a lokacin tana ƙarƙashin Togo ta Jamus, inda jami'in mulki Adam Mischlich ya zauna gaban Imam Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858 ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934. Imam Umaru ya rubuta masa bayanai masu tsawo cikin ajami game da tarihin ƙasashen Hausa da fatauci da sana'o'i da zamantakewa. Mischlich ya wallafa wani sashe nasu tare da fassara da sharhi cikin Jamusanci, ya kuma fitar da ƙamusun Hausa a 1906. Bahaushe zai iya karanta Hausar malamin, amma sharhin da aka lulluɓe ta da shi, da abin da Bature ya ƙara ko ya rage ko ya fahimta a karkace, sai mai Jamusanci.

Ga kuma batun takardun mulki. Mutane da yawa sun manta cewa Dikwa da Mubi da Madagali da Gashaka sun taɓa zama ƙarƙashin Jamus, a matsayin ɓangaren Kamaru, kafin Yaƙin Duniya na Farko ya kawo ƙarshen mulkinta a can a 1916, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 waɗannan yankuna suka tabbata cikin Nijeriya. Rahotannin jami'an Jamus a kan naɗin sarakuna da haraji da iyakoki da yaƙin da aka yi da Lamiɗo Zubairu suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta tarayya da ke Berlin, wasu kuma a Yaounde. Da yawa daga cikinsu da hannu aka rubuta su, da wani tsohon salon rubutu da ake kira Kurrent, wanda ko Bajamushen yau ba ya iya karantawa sai ya koya. Kwas ɗin wata shida na koyon gaisuwa da sayayya ba zai kai mutum nan ba. Dole sai an yi karatu mai zurfi a jami'a.

Shi wannan karatu, wanda Jamusawa ke kira Germanistik, bisa al'ada rassa uku ne: nazarin harshen kansa, da adabin zamani, da harshe da adabin tsakiyar zamani, inda ake koyon tsohon Jamusanci na ƙarni na 12 da na 13. Daga baya an ƙara reshen koyar da Jamusanci ga baƙi, wanda Jami'ar Leipzig ta yi suna a kansa, da kuma reshen da ke nazarin adabin Jamus ta fuskar cuɗanyarsa da al'adun wasu, wanda Jami'ar Bayreuth ta shahara da shi. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara biyu, zango huɗu, na ƙarshen kuma na rubuta kundi ne. Ba a karɓar ɗalibi sai yana da digirin farko a fannin ko makamancinsa, kuma sai ya nuna ƙwarewa a harshen da ta kai aƙalla matakin C1 cikin matakai shida da Turai ke aunawa da su, ta hanyar jarrabawa irin su TestDaF ko DSH. Digiri na uku kuwa, a tsarinsu na gargajiya, sai ɗalibi ya nemo farfesan da ya yarda ya duba aikinsa tukuna, sannan ya shafe shekara uku zuwa biyar yana bincike.

Wani zai ce, to a koyi harshen kawai mana, me ya kawo adabi? Amsata ita ce, wanda bai san abin da Bajamushen ƙarni na 19 ya karanta ya tashi da shi ba, ba zai gane dalilin da ya sa ya kalli kakanninmu yadda ya kalle su ba, kuma zai haɗiye son zuciyarsa a matsayin gaskiya. Bayan haka, adabin nan bai yi mana nisan da ake zato ba. Friedrich Rückert ya fassara Muƙamatul Hariri zuwa Jamusanci a 1826, yana ƙoƙarin riƙe saja'insa, wato littafin nan da har yau ake biyawa a zaurukan malamanmu. Goethe, wanda shi ne babban mawaƙinsu, ya wallafa diwani a 1819 wanda ya gina bisa tasirin Hafiz na Farisa. Manazarta adabin Hausa kuma sun nuna cewa wasu labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam suna da tushe a tatsuniyoyin da wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, masu suna Grimm, suka tattara. Ɗalibin da ya yi Larabci a zaure, ya tashi da Hausa, sannan ya ƙware a Jamusanci, yana da abin faɗa a kan waɗannan ayyuka wanda ɗan Munich ko Vienna ba shi da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ma'aunin ya karkata. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake koyar da Hausa a Berlin, an kuma daɗe ana koyar da ita a jami'o'in Hamburg da Leipzig da Frankfurt da Bayreuth, har Ekkehard Wolff ya rubuta cikakken nahawun Hausa da Jamusanci a 1993. Sashen Hausa na DW yana watsa shirye-shirye tun 1963. Mu kuwa a Nijeriya jami'o'in da aka sani da ba da digiri a Jamusanci su ne Ibadan da Ife da Nsukka, cibiyar Goethe ta koyar da Jamusanci kuma tana Legas, yayin da sassan harsunan waje na Arewa suka fi mayar da hankali ga Larabci da Faransanci. Maƙwabciyarmu Kamaru ta yi mana nisa ƙwarai, domin tun daga sakandare ake koyar da Jamusanci a can, kuma Jami'ar Yaounde tana da sashe guda na fannin.

Ban ce a buɗe sashen Jamusanci a kowace jami'a ba, domin hakan ɓarnar kuɗi ce, kuma za a yaye matasan da ba su da wurin aiki. Mutane kaɗan muke buƙata, amma ƙwararru. Abin da nake ba da shawara shi ne jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri su zaƙulo ƙananan malamai daga sassan Hausa da Tarihi da Larabci, waɗanda suka riga suka sami gurbin aiki, a ba su shekara biyu ta koyon harshen a cikin gida, sannan a tura su digiri na gaba da sharaɗin dawowa su koyar. Kuɗin ma bai kai na Ingila ko Amurka ba, tunda yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa sai ɗan abin da ake biya kowane zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba tun 2017. Babban nauyin shi ne na ci da sha da masauki, domin ofishin jakadanci yakan nemi shaidar kusan Yuro 12,000 na shekara guda kafin ya ba da biza. Nan ne asusun TETFund da hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, wadda ta daɗe tana ba 'yan Afirka tallafin digiri na biyu da na uku, za su iya shigowa.

Ina kuma roƙon jaridarku ta tuntuɓi Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da shugabannin waɗannan jami'o'i huɗu, ta tambaye su malamai nawa ne a sassansu na Tarihi da Hausa ke iya karanta Jamusanci a yau, ta kuma buga mana amsar da suka bayar.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta, daga Kano