Shirun Fitowa 14:14, har da gaban kwamiti?

Baba Fasto,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, Allah ya ƙara maka ƙarfin hidima. Ni 'yarka ce mai sauraron shirinka kowane mako, kuma yau kwana uku ke nan barci ya ƙaurace wa idona saboda aya guda, wato Fitowa 14:14, inda Musa ya gaya wa Isra'ilawa a bakin Bahar Maliya cewa Ubangiji zai yi yaƙi dominsu, su dai su yi shiru.

Ranar Litinin aka miƙa mini takardar tuhuma a wurin aiki, wai kaya sun ɓace daga sito kuma ni ce da alhaki. Wadda ta kai ƙarata, Baba, ni na nemo mata aikin nan shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ba ta da mai kallonta, ni na koya mata cika littafin kaya, kuma har gobe a ƙungiyar mawaƙa ɗaya muke a ikkilisiya, kujerarta kusa da tawa. Da ma an sha ja mini kunne cewa fuska biyu gare ta, na ƙi ji. Da na karanta Zabura 55:12-14, inda Dawuda yake cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne wanda suke shiga ɗakin Allah tare, sai da na yi kuka.

Mahaifiyata ta ce in riƙe ayar nan ta Fitowa, kada in buɗe baki, tunda Romawa 12:19 ma ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Maigidana kuwa ya ce in karanta aya ta 15 ta Fitowa 14, inda Allah ya tambayi Musa dalilin kukansa, ya ce jama'a su ci gaba da tafiya. Ya ƙara da cewa Nehemiya ya yi addu'a amma ya sa masu tsaro dare da rana, Bulus kuma bai yi shiru ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ina da saƙonnin wadda ta kai ƙarata a waya, waɗanda suka nuna cewa makullin siton yana hannunta a makon, kuma in na fito da su korarta za a yi, ga ta da yara uku.

Na manta ban faɗa ba, gaskiya ne ni na sa hannu a takardar karɓar kayan ba tare da na ƙirga ba, amma ranar ɗana ba shi da lafiya, kuma kowa haka yake yi, ita ma ta sani, shi ya sa ta zaɓi wannan ranar.

Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamiti. In na nuna saƙonnin, na kasa dogara ga Allah ke nan? Abin da ma ya fi damuna, na gwada yi mata addu'a bisa ga Matiyu 5:44, sai na ji bakina yana roƙon Allah ya kunyata ta a bainar jama'a. Ranar Lahadi akwai Jibin Ubangiji, kuma za ta zauna kusa da ni kamar ba abin da ya faru. In karɓa, ko in zauna a gida?

'Yarka cikin Almasihu.