Daga Garwa, kan shafi na huɗu na kundinka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai dai zafin Garwa da ya hana kowa barcin rana. Babin kundinka da ka turo daga Ngaundere na karanta shi sau biyu da jan biro, kamar zamanin da nake gyara takardun 'yan lise.

A shafi na huɗu ka rubuta cewa a duk aljabarar Banach (cikakken tsarin lissafi da ake tarawa da ninkawa a cikinsa, kowane abu kuma yana da ma'aunin girmansa) da ab yake daidai da ba, deribasiyon sifili ce. Ba haka Singer da Wermer suka faɗa a 1955 ba. Abin da suka tabbatar shi ne, in D deribasiyon ce mai bin dokar Leibniz, wato D(ab) = D(a)b + aD(b), kuma ba ta yin tsalle, to duk abin da ta fitar cikin radikal yake faɗawa, wato ɓangaren aljabarar da abubuwansa ke narkewa da sauri zuwa sifili in aka yi ta ninka su da kansu. Sai radikal ya zama sifili maganarka za ta tsaya da ƙafarta. Shi kuwa sharaɗin rashin tsallen, shekara 33 aka kwashe kafin Marc Thomas ya cire shi a 1988. Mutane sun yi furfura a kan abin da kai ka haɗiye a layi guda!

Ajiye kwamfuta ka ɗauki takarda. Dubi C[0,1], wato tarin ayyukan lissafi (function) da ba sa tsalle tsakanin 0 da 1, inda ma'aunin kowane aiki shi ne ƙimarsa mafi girma in an cire alamar ɗebewa. Cikakkiya ce, radikal ɗinta sifili, don haka ba ta da deribasiyon sai sifili. Za ka ce, to ina d/dx ɗin da na koya maka a kan tabarma a tsakar gida? Ba 'yar gidan nan ba ce. Tun 1872 Weierstrass ya kawo aikin da ba ya tsalle ko'ina amma ba inda ake iya ɗaukar d/dx ɗinsa. Ko ka koma C¹[0,1], wato ayyukan da d/dx ɗinsu ma ba ta tsalle, d/dx waje take fitar da kai. Daga nan ka gwada matris mai layi biyu, ka sa D(x) = ax − xa, ka lissafa da hannunka, ka ga deribasiyon ta fito da ranta domin a can ab daban yake da ba.

Sashen masu ninkawa, wato T ɗin da ke bin T(ab) = T(a)b, ya fi kyau, ko da yake ka ambaci Wendel ba ka faɗi abin da ya yi ba. A 1952 ya nuna cewa masu ninkawar L¹(G), aljabarar ayyuka a kan rukunin G, su ne ma'aunan (measure) da ke kan G, wato M(G). Rubuta shi ɓaro-ɓaro, malamanka za su tambaya ranar kare kundi.

Kada ka ji haushin jan biron, babin yana da ƙashi. Mahaifiyarka ta ba direba kilishi da yaji, ka je tasha ranar Juma'a bayan masallaci. Kuɗin buga takardu kuma sai ƙarshen wata in fansho ya shigo. Ka turo min gyararren shafi na huɗu kafin ka kai wa malaminka.

Mahaifinka