'Yan gudun hijira da rabin magani a Gombe

Ya Edita,

Ka ba mu ɗan fili mu yi magana kan 'yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno, Yobe da Adamawa, musamman tun 2014 da aka ci Gwoza da Bama. Yawancin waɗanda suka yada zango a Gombe ba a sansani suke ba. Sun saje da jama'a, suna haya a bayan gari, suna ƙodago ko ga-ruwa. Shi ya sa ido ba ya kai wa gare su.

A duba zazzaɓin cizon sauro. Maganinsa da aka fi bayarwa, wanda ake kira ACT, sha shida ne cikin kwana uku, babba ƙwaya huɗu kowane sha, 24 ke nan. Mai albashi zai yi gwaji, ya sayi cikakke. Wanda sai ya fita ake ɗora tukunya kuwa, cewa zai yi wa mai kemis a yanko masa na kuɗinsa. Ya sha na yini guda, jiki ya yi sanyi, ya ɓoye ragowar saboda yaro. Cutar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Idan ta taso sai ta shanye jini. Ga shi maganin sai da abinci mai maiƙo yake shiga jiki sosai, shi kuwa da koko zalla ya kora.

Maganin tarin fuka kyauta ne, amma wata shida ake sha, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke kaɗai ya isa ya sa mutum ya katse.

Na yara ya fi ciwo. Idan awon damtse ya gaza santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Abincin gina jiki na leda da ake ba masu tamowa magani ne na yaro ɗaya, amma wace uwa ce za ta hana sauran ukun da suka zuba mata ido? Sai a raba, mai ciwon ya kasa tashi.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware asusun kula da marasa ƙarfi. Domin su amfana da asusun, muna roƙon hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, GoHealth, ta bi 'yan gudun hijirar nan har unguwanninsu ta hannun masu unguwa, tare da masu yin katin ɗan ƙasa, don da yawansu takardunsu sun ƙone tare da gidajensu.

Wasu ma'aikatan lafiya a matakin farko,
Gombe