Kamfani ne zai amsa laifin manhajarsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan yadda kamfanoni ke damƙa wa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, hukuncin da ya shafi abincin mutane.

Yau manhaja ce ke tace takardun masu neman aiki, ita ce ke duba wanda ya cancanci bashin banki. Matashi ya kwana yana gyara takardunsa, ya tura, kafin ya ajiye wayar saƙo ya shigo cewa ba a ɗauke shi ba. Babu ɗan Adam ɗin da ya buɗe su, babu kuma wanda zai tambaya dalili. A 2018 aka bayyana cewa kamfanin Amazon ya jingine irin wannan manhaja bayan an gano tana danne mata, saboda yawancin takardun da aka koya mata aiki da su na maza ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gudun alhaki. Manhajar hira ta kamfanin jiragen sama na Air Canada ta shaida wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa ya sayi tikiti, daga baya ya nemi rangwamen masu makoki. Da ya nema aka hana shi, har kamfanin ya yi iƙirarin cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. A 2024 kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta yi watsi da wannan hujja, ta ce a biya shi. Wallahi hukuncin ya yi daidai: wanda ke cin ribar manhaja shi zai ɗauki asararta.

Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta sa ɗaukar ma'aikata da tantance masu neman bashi cikin ayyuka masu haɗari sosai, waɗanda dole mutum ya sa musu ido. Tarar aikata abin da ta haramta kan kai Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara.

Ban ce a danne ƙananan 'yan kasuwa da tulin takardu ba. Amma ina kira ga masu yin doka a ko'ina: duk kamfanin da manhaja ke yanke masa hukunci kan mutane, a tilasta masa sanar da su, ya kuma ware ma'aikacin da wanda aka hana zai kai wa kuka, a sake duba maganarsa.

Naka,
Wani mai karatu